Cediya Biyu a Saurar Baba

Lahadi, 3 ga Yuni 1962, bayan la'asar

Yau ma ba a buga balo ba, hayaniya aka buga. Ƙarti da gemunsu sun tsaya cikin rana suna nuna wa juna yatsa saboda fatar da aka hura wa iska. Ni da na ɗinka wa ɓangarorin biyu riguna a keke ɗaya, na tsaya daga gefe ina kallon ɗinkina yana cin kwalar ɗinkina.

'Yan Tauraro su ne ekip ɗin, wato ƙungiyar, maigidana Jacques, wanda duk Dogon Dutsi ke kira Mushe, malam ke nan da Faransanci, don yana koyarwa a lakwal, makarantar boko. Sun ce yammacin Lahadi nasu ne, tun da su suka sare sabara suka share filin. 'Yan Guguwa kuwa, samarin kasuwa da na biro, ofishin gwamnati, sun ce ƙasa ta samu 'yancinta, fili na kowa ne, kuma ga ƙanena Mani yana tsare musu ƙofa, wato gola, shi ne ɗan mai gonar. Kowa yana so ƙafarsa ta saba da wurin kafin fet, bikin 'yancin kai na uku ga Agusta, ranar da za su kara a gaban kumandan mai mulkin gari.

Abin da duk suka manta, filin saurar Baba ce, kuma ni na roƙo ta. Bara na durƙusa a gabansa har ƙafata ta mutu kafin ya buɗe baki. Da sunan yarinta ya kira ni, don bai taɓa yarda da Salama, sunana na baftisma, ba.

"Lantana, na ba da aro bisa bakinki, ba bisa na mijinki ba. Su yi gudunsu, su tada ƙura. Amma kada a kahwa mani abin da ka yin saiwa. Rad da wani abu yay yi saiwa cikin gonag ga, ki riƙe tuwonki."

Tun da na shiga mishan aka yi mini baftisma, Baba bai taka gidana ba. Abu ɗaya ya rage tsakaninmu: kowace Juma'a in kai masa tuwo a akushi, ya karɓa, ya ci. Ba ni da wani uba sai na ranar Juma'a, kuma ba na so in rasa shi.

Laraba, 6 ga Yuni, da hantsi

An yi sulhu, wai. Mushe da Issa, komi, wato akawun biro, da ke jan 'yan Guguwa, sun sha hannu kamar masu taɓa garwashi. Kowace ekip za ta kafa ƙofarta, itace biyu a tsaye da igiya a sama: Tauraro gabas, Guguwa yamma. Za a riƙa karɓa-karɓa da ranaku. Lahadi dai ba wanda ya sake ta.

'Yan Guguwa sun kawo tsoffin azara na wani ɗaki da ya rushe. Mushe ya ari amalanke ya dawo da itace biyu masu kauri, da ɓawonsu. Na tambaye shi wane itace ne.

"Icce dai," in ji shi.

Juma'a, 8 ga Yuni, da la'asar

Baba ya ci. Ya ce miya ba daddawa, kamar kullum, ya kuma suɗe akushin, kamar kullum. Na miƙa masa ruwa da hagu don damana na riƙe da faifai. Bai karɓa ba, ya zuba mini ido har sai da na sauya hannu.

"Ko mishan sun halatta hagu?"

Na yi dariya, shi ma gefen bakinsa ya motsa. Na dawo gida da sauƙin zuciya.

Talata, 12 ga Yuni, da safe

Randa ta ragu da yawa. Jiya da yamma ga-ruwa ya cika ta har baki, a gabana.

Alhamis, 14 ga Yuni, da safe

Yau ma. Na yi wa ga-ruwa faɗa, ya rantse har da hawaye, na ji kunya na ba shi haƙuri. Na duba gindin randar, ba ta yoyo.

Mushe ya fara fita motsa jiki tun kafin gari ya waye sosai. Ya dawo da laka a bakin wandonsa, a garin da ko ɗigo bai sauka ba tun bara. Na wanke wandon. Ban tambaya ba.

Asabar, 16 ga Yuni, da safe

Randa.

Talata, 19 ga Yuni, da magariba

Ruwan shuka ya sauka. Gari ya watse gonaki, ba mai zancen balo. Na gode wa Ubangiji, na ce ko hatsi zai raba abin da hankali ya kasa rabawa.

Laraba, 27 ga Yuni, da azahar

Na kai wa wata mata ɗinki a bakin dutse, na biyo ta filin. Azarar 'yan Guguwa tana nan baƙa ƙirin, gara ta fara hawanta. Ƙofar gabas kuwa ta yi kunnuwa, 'yan ƙanana, kore shar, a duka itatuwan biyu. Na matsa na murza ɗaya, farin ruwa ya fito. Cediya ce.

Duk hanya ina ce wa kaina bai sani ba. Mutumin boko ne, alli ya sani. Sai wata zuciyar ta ce mini, ɗan manomi ne daga Dumega, a ƙarƙashin cediyar da kakansa ya dasa aka yi masa aski. Kuma kowa a Arewa ya san wanda ya dasa itace a ƙasa, ya ce tasa ce.

Da na ajiye masa abinci na ce, "Mushe, ƙohwarku ta yi ganye."

"Damana ta, Salama. Komi ganye shikai."

"A cire ta tun ba ta kama ba. Ka san abin da Baba yac ce."

"Bayan fet."

Ya ci gaba da cin abincinsa, bai ɗago ba.

Juma'a, 29 ga Yuni, da la'asar

Baba ya ci, amma a hankali, yana kallon bango. Sai da ya wanke hannu ya yi magana.

"An ce mani ƙohwa ta yi kunne. Kunne ba saiwa ba ne. Ɗanyen icce shina ƙaryar rai kwana kaɗan kahin shi bushe. Mu gani."

Bai ce miya ba daddawa ba. Ban san zan yi kewar wannan ƙorafin ba sai yau.

Lahadi, 1 ga Yuli, da yamma

Daga majami'a 'yan Tauraro suka wuce filin, suka tarar 'yan Guguwa sun riga su. Issa ya hau kan amalanke yana faɗa wa duniya cewa 'yan mishan sun yi dashe don su cinye gonar tsoho. Abin haushi, bakin da ba na so shi ya faɗi gaskiya. Wani ya farke balon Tauraro da wuƙa. Wani ya sha mari. Mani ya wuce Mushe kafaɗa da kafaɗa bai gaishe shi ba, mutumin da ya koya masa kama balo.

Daga yau 'yan Tauraro sun sa tsaro a ƙofarsu, safe da yamma, bibbiyu. Tsakar rana ce kawai ba mai zama, don ko ɗan mishan ba ya son saurar Baba idan rana ta take.

Alhamis, 5 ga Yuli, da safe

Na sake roƙon Mushe. Na durƙusa, abin da ban taɓa yi masa ba tun ranar aure.

"Tashi, Salama. Issa shina da biro bayanai. Mu mi muka da shi? Gobe in anka ce hilin ga ya zama stad, hilin wasa na hukuma, wa za a tambaya? Wanda iccenai ka tsaye. Wala, shi ke nan."

"Ni hwa? Bakina na bayar."

"Tsoho hushi za shi yi, shi huce."

Shekara shida yana surukin Baba bai san Baba ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, shi nasa idon alli ya rufe shi.

Litinin, 9 ga Yuli, da azahar

Ganye ya kai tafin hannuna.

Juma'a, 13 ga Yuli, da la'asar

Mani ya ce mini jiya Baba ya je filin shi kaɗai. Ya tsuguna a gindin itacen dama ya tona da yatsa, ya daɗe, ya mayar da ƙasar ya shafe ta kamar mai rufe jariri.

Na ajiye akushi a gabansa. Bai ɗaga faifan ba.

"Na ƙoshi, Lantana."

Na zauna har inuwa ta kai bakin rumbu. Na ɗauki kayana na fito. A hanya mata suna gaishe ni, ina amsawa, akushi yana ƙona mini kai.

Asabar, 14 ga Yuli, da safe

Ban yi ɗinki ba. Ban share tsakar gida ba. Ina jin haushin kowa, har kaji.

Laraba, 18 ga Yuli, da hantsi

'Yan Guguwa sun kawo rigunansu wai a gyara, kowace da laya da za a ɓoye a cikin kalmasa. Na ɗinke, ba ruwana. Da yamma sai ga 'yan Tauraro ɗaya bayan ɗaya, masu rera waƙa a sahun gaba ranar Lahadi, kowa yana raɗa mini kada Mushe ya ji. Layunsu ma sun fi nauyi. Da wata shekarar ce da na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Ɗaya daga cikinsu ya manta gorarsa ta duka a zaure. Sabuwar sara ce, an ɗaure kanta da fata. Ba a buga balo da gora.

Asabar, 21 ga Yuli, da la'asar

Jiya na tarar da asabarin ƙofar Baba a sauke. Na yi sallama har muryata ta dushe, ina jin tarinsa a ciki. Na ajiye akushi a bakin ƙofa. Yau Mani ya dawo mini da shi, tuwon yana ciki, ya yi tsami.

Ya ƙi shiga, a zaure muka tsaya.

"Yaya, ran fet zan sare cediyoyin nan. Gaban kumandan, gaban kowa."

"Baba ya sa ka?"

"Baba ya hana ni. Ya ce abin da yay yi saiwa cikin gonag ga ya hita hannunmu, na Uwar Gona ne. Wanda duk yak kai mai ƙarhe, hannun da yar riƙe ƙarhen nata ne."

Uwar Gona ita ce doguwa, aljanar gidanmu, wadda Baba ke yanka wa baƙar akuya a gindin surin da ke kudancin saurar. Na ce masa ni na bar waɗannan maganganu tun da na karɓi Littafi.

"Kin tuna Kaka Gado?" in ji shi. "Da hannunai na dama rataye awa tsumma?"

"Doki ya kada shi."

"Haka anka gaya muna muna yara. Baba na yas sare kalgo cikin gonar, shina yaro. Kaka yat tahi gindin suri yac ce, hannuna na yas sare, ba na yaro ba. Kahin kaka ta yi, hannun ya mutu."

Na tuna Kaka yana cin tuwo da hagu a bayan rumbu, inda ba mai ganinsa.

"To in babu iccen hwa?" na ce. "Baba zai karɓi tuwona?"

"Na tambaye shi. Ya ce in babu icce babu magana. Amma wa za ya kai hannu?"

Mani ya ce shi zai kai. Su Issa suna zuga shi, suna ce masa ɗan mai gona da ke tsoron gonarsa. Ya faɗa yana murza yatsunsa, waɗannan dogayen yatsun da ba balon da ke wuce su. Mani ya yarda da Uwar Gona har cikin ƙashinsa, kuma ko ita ta ƙyale shi, gorori ba za su ƙyale shi ba.

Lahadi, 22 ga Yuli, da rana

A majami'a na buɗe baki waƙa ta ƙi fitowa.

Alhamis, 26 ga Yuli, da magariba

An tsinci farar kaza a yanke a gindin cediyar hagu. Tauraro sun ce Guguwa ne, Guguwa sun ce Tauraro ne. Awaki sun cinye ciyawar filin kaf, amma sun bar da'ira a kewayen itatuwan biyu, ni na gani da idona. Wataƙila warin jinin ne. Haka na ce wa maƙwabciyata.

Mushe yana wasa gatari a bayan ɗaki. Ya ce na itacen girki ne. Itacen girkina a faskare yake har rumfa.

Juma'a, 27 ga Yuli, da la'asar

Na tuƙa. Na kai. Asabari. Na dawo da shi.

Litinin, 30 ga Yuli, da hantsi

In na yi shiru, na rasa Mani. In na gaya wa Mushe abin da Mani ya shirya, Mani dai. In an bar itacen, Baba. Gaba kura, baya sayaki, kuma duk su biyun a gidanmu aka haife su.

Ni ba na tsoron doguwa. Na rubuta don in gani a rubuce. Ni ba na tsoron doguwa.

Alhamis, 2 ga Agusta, da azahar

Na yi.

Alhamis ɗin dai, da magariba

Duk gari yana ƙofar biro ana gwajin faretin gobe, da 'yan lakwal da ekip biyun. Na ɗauki gatarin da aka wasa mini, da hauya. Rana tana tsaka, inuwata tana ƙarƙashin ƙafata.

Cediya ba ta da taurin kai, sara kaɗan ta kwanta. Saiwar ce ta wahalar da ni, ta yi nisa fiye da yadda itacen wata biyu ya kamata ya yi. Na tona, na datse, na tona. Farin ruwan ya wanke mini hannun dama har gwiwa, yana danƙo. Ina yi ina karanta addu'ar Ubangiji, ina kai tsakiya in manta, in koma farko.

Ban ji komai ba. Shi ne abin da ya dame ni. Ko kurciya ba ta yi kuka ba, ga hatsi kewaye da ni amma ba ganyen da ya motsa.

Da na ɗago daga rami na biyu, na hango Baba tsaye a bakin hatsinsa. Ban san tun yaushe yake wurin ba. Bai kira ni ba, ni ma ban kira shi ba. Ya dubi gatarin, ya dubi hannuna, ya juya ya nufi kudu.

Na wanke da toka, na wanke da sabulu. Danƙon bai fita duka ba.

Juma'a, 3 ga Agusta, da yamma

Mushe ya ga gatarin tun jiya. Ya riƙe shi ya daɗe yana kallon farin da ya bushe a bakinsa. Abin da ya ce kawai, "Ke ce." Na ce ni ce. Tun daga nan bai sake ce mini komai ba.

An yi fet. An kafa wa Tauraro busassun sanduna daga rumfar wani mahauci. An buga, an tashi, ba a ɗaga gora ko ɗaya ba, don ba a san wa za a doka ba. Mata suna cewa iska ce ta tumɓuke cediyoyin. Wa ya ci, ban tambaya ba. Na ga Mani ya yi tsalle ya cafe balo da hannu biyu, na koma gida.

Na kai tuwo. Asabari a ɗage, ɗaki ba kowa. Baƙar akuyar Baba ba ta a turkenta.

Asabar, 4 ga Agusta, da safe

Hannuna lafiya. Na juya keke, na ɗinka riga guda.

Lahadi, 5 ga Agusta, da safe

Hannuna lafiya.

Talata, 7 ga Agusta, da hantsi

Issa yana yawo yana cewa za a kawo bututun ƙarfe daga Doso, ƙarfe ba ya saiwa, kowa ya huta. Sun koma faɗa a kan Lahadi kamar ba abin da ya faru. Mushe ya ci abincina amma da bango yake hira.

Mani bai zo ba. Na aika a kira shi, aka ce yana wurin Baba, ba ya fita. Na ce lafiya? Aka ce lafiya.

Na zura zare a allura sau ɗaya ya shiga. Hannuna lafiya.

Alhamis, 9 ga Agusta, da magariba

Na sayi daddawa mai kyau ta garin Kiéché. Gobe zan zuba har ta yi yawa, in ga abin da zai ce.

Juma'a, 10 ga Agusta, da la'asar

Asabari a ɗage. Yana zaune a kan buzunsa, ya yafa gwado a kafaɗar dama, ga zufa tana karyo wa kowa. Mani yana tsugune a bakin ƙofa, da ya gan ni ya sunkuyar da kai ya fita.

"Lantana, kin zo."

"Na zo, Baba."

"Aje akushin. Miƙo hannunki in gani. Dunƙule. Buɗe. Kuma."

Na dunƙule, na buɗe. Ya bi yatsuna ɗaya bayan ɗaya da ido.

"Madalla," in ji shi. "Kawo tuwon."

Na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu, zuciyata kamar ta fito don murna. Ya karɓa da hagu.

Na jira ya sauya hannu, kamar yadda ya koya mini. Bai sauya ba. Ya dafe akushin da gwiwa, ya yanki loma da hagu, miya tana zuba a gemunsa, a gwadon, a buzu. Ban san inda zan sa idona ba. Ya cinye tas, ya suɗe.

"Daddawa ta yi yawa," ya ce. "Juma'a in ta zo, ki dama mani hura. Ta hi sauƙi."

Na dawo gida na zauna a gaban keke har rana ta faɗi, ban taɓa shi ba. Hannuna lafiya lau.